Hular Kwanon Sammani

Tururuwa ba sa bi ta kusa da hular. Kubra ta lura da haka ne tana durƙushe a bakin rariya tana wanke kofunan koko. Layinsu ya taso daga gindin katanga, siriri kamar zaren ɗinki, ya nufi inda tsakin masara ya zube. Da ya iso daf da hular kwanon da ke kife a ƙasa sai ya karkata, ya zagaye ta nesa-nesa, sannan ya koma kan hanyarsa. Ƙudaje biyu na kwance a gefenta, ƙafafunsu a sama.

Shekara shida ke nan hular tana gidan. Ta riga Kubra shigowa da wata uku. Mijinta Sammani ya saye ta a kasuwar Kura a shekarar da ya fara acaɓa, wajen wani mai baza kaya a ƙasa, tsakanin tocila da rediyo masu araha. A lokacin babu ɗan acaɓa ko ɗaya a Unguwar Sallau da ke sa hular kwano, don haka sai abin ya zama na dariya. Abokansa a tasha suka riƙa tambayarsa yaushe jirginsa zai tashi zuwa wata. Daga baya suka gaji, suka bar masa suna kawai: Mai Kwano.

Ja ce jawur a da. Yanzu rana ta cinye launin, ta koma kamar busasshen tumatir. Igiyar haɓa ta tsinke tun shekara ta biyu, an maye gurbinta da igiyar buhu. A gefen hagu akwai tsaga da ta samu ranar da akuya ta gitta masa a hanyar Madobi, ya liƙe ta da gam da yashi, wajen ya yi tudu kamar tabon ƙuna. Ƙwai ya shigo gidan a cikinta, ƙosai ya shigo, har kifin kanal ɗin noman rani ya taɓa shigowa yana motsi. Duk wannan bai dami Kubra ba. Aikin asuba ne ya dame ta.

Duk lokacin noman rani, kafin ya fita neman fasinja, Sammani yana yi wa Kawu Datti feshin tumatir. Kawu Datti ƙanin mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwarta, kuma shi ne mai shagon maganin feshi ɗaya tilo a unguwar. Sauran masu feshi suna ɗaura tsumma a hanci, wasu ma ko tsumman babu. Sammani kuwa sai ya kifa hularsa, ya sauke gilashin, ya shiga cikin kunyoyi yana jin ya fi kowa dabara. Shekara shida soson da ke ciki yana shan raɓar magani da gumi, yana bushewa a rana, yana sake sha.

Ya fito daga ɗaki yana gyara wuyan riga. Safiyar da sauran sanyi, amma goshinsa ya jiƙe. Da ya ɗaga kofin koko, Kubra ta ga yadda bakin kofin ke bugun haƙoransa. Ta kalli idonsa. Baƙin tsakiyar idon ya ƙanƙance ya zama kamar ƙwayar riɗi.

"Malam, hular nan fa ko ƙuda ba ya kwana kusa da ita."

"To ai kin huta da sayen maganin ƙuda." Ya yi dariya, ya goge yawun da ya taru a gefen bakinsa.

"Ba wasa nake ba. Ka tuna ranar da 'yarka Aziza ta sa ta tana wasan babur? Har magariba tana amai."

"Mangwaro ɗanye ta ci."

"A tsakiyar hunturu? Ina ta ga mangwaro?"

Ya sunkuya ya ɗauko wata kwalbar lemo daga bayan randa. Ruwan da ke ciki launin ɗorawa gare shi mai duhu, an toshe bakin da leda an naɗe da roba. Babu takarda a jikinta. Daga babbar jarka Kawu Datti yake tsiyaya wa mutane, kuma kowa Gama-aiki yake ce wa maganin. Sammani ya birkito hular, ya kwantar da kwalbar a ciki, ya rataya ta a kan babur.

"Bakinta a jiƙe yake," in ji Kubra. "Tana yoyo."

"Yanzu zan sauke ta a gonar Kawu ta bakin kanal. Da yamma za a yi feshin, gobe ake tsinka."

"Ka ba ni soson in wanke ko sau ɗaya."

"In kin wanke ya marmashe fa? A wannan lokacin da in ba ka da hula jami'ai su kama babur?" Ya ɗora wa kansa wata hular roba ruwan ƙwai, irin ta magina, wadda ƙungiyar 'yan acaɓa ta rarraba musu. Tun farkon shekara aka kafa doka, direba da fasinja kowa sai da hula. Abokan aikinsa suna miƙa wa fasinja ta robar. Shi kuwa ya ce fasinja amana ne, shi ya cancanci ta gaske.

"Mutane suna ta maganganu a kan hulunan nan," ta ce a hankali.

"Na ji. Wai a birni an sa wa wani, ya farka a tsakiyar daji an aske masa kai. Kowa ƙanin abokin maƙwabcinsa ne abin ya faru da shi." Ya tura babur ɗin zuwa zaure. "Ki dafa wake yau, don Allah. Bakina ba ya jin ɗanɗanon komai."

* * *

Ana gab da azahar Gwaggo Indo ta faɗo gidan ba sallama. Tsohuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli, katanga ɗaya ta raba su, kuma a shekara shida Kubra ba ta taɓa ganin ta shigo ba ta yi sallama sau biyu ba. Ɗankwalinta ya zame, takalminta ƙafa ɗaya.

"Ke Kubra! Ɗauko mayafinki. Za su kashe miki miji."

Ludayin da ke hannun Kubra ya faɗa cikin tukunyar wake.

"Haɗari ya yi?"

"Ina ma haɗari ne! Baraka ya ɗauko, matar Uba mahauci, daga gaisuwar rasuwa a Bunkure. Da suka hango jami'ai a mararraba ya ce ta sa hula. Ta ce ba ta so, ya yi ta lallashinta har ta sa. Kafin su kai gadar kanal yarinya ta sulale daga kan babur. Kumfa a baki, jiki na karkarwa, ta jiƙa zaninta. An jefa ta a motar tumatir an yi asibitin Kura da ita. Shi kuma an ce hular tsafi ya sa mata zai kai ta a yanka."

"Sammanin?"

"Shi fa. Da Mai unguwa bai janye shi cikin zaurensa ba, da yanzu wata maganar ake. Na ga galan ɗin fetur da idona."

Kubra ta tsaya a tsakar gida, hannunta a kan cikinta na wata biyar. Ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba tare da izininsa ba. Ko haihuwar Aziza da duhun asuba aka fita da ita. Sai ta tuna bakin kwalbar nan mai sheƙi, da yadda ta kwanta a kan soson.

Ta miƙa Aziza ta kan katanga ga surukar Gwaggo Indo, ta ja mayafi, ta zari wata baƙar leda daga jikin ƙusa ba tare da ta san me za ta yi da ita ba.

Hanyar ta yi mata tsawo. Rana ta buɗe sosai, hasken ya yi mata yawa. Ta gefen dama gonakin tumatir sun miƙe har inda ido ya tsaya, ja da kore, ga kwanduna a jere a bakin kunya suna jiran gobe. Babu kowa a cikinsu. Tun daga nesa ta fara jin hayaniyar, kamar ta kasuwa amma babu dariya a ciki.

* * *

Sun fi mutum ɗari a ƙofar gidan Mai unguwa. Manoma da laka a ƙafa, 'yan ɗaukar kwando, 'yan acaɓa, da wasu fuskokin da ba na unguwar ba ne, masu wucewa da suka ji ihu suka tsaya. Mai unguwa na tsaye a bakin zaure ya buɗe hannuwansa ya dafa dogaran ƙofa biyu. Tsoho ne mai ƙaramin jiki, rawaninsa ya kwance ta gefe ɗaya. Ta ƙarƙashin hannunsa Kubra ta hango Sammani zaune a ƙasa. Rigarsa ta yage har cibiya, leɓensa ya kumbura, ido ɗaya ya rufe.

Hular na tsakiyar fili, an bar mata sarari kamar faɗin ɗaki. Wani ya turo ta da sanda ya bar sandan a wajen.

"Ka fito mana da shi, ranka ya daɗe!" Uba mahauci ne, dogo, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Hawaye yake yi yana magana bai ma sani ba. "Uwar 'ya'yana huɗu! Da ƙafarta ta fita. In ta mutu, wallahi ko a cikin aljihunka ka sa shi sai na zaro shi."

Mai unguwa ya ce, "Uba, ka ji tsoron Allah. Yaron nan a gabanmu ya tashi. Shekara nawa hular nan tana kansa? In da wani abu a ciki ai da shi ya fara faɗuwa."

"Yaushe abu ya taɓa cin mai shi?" wani ya yi ihu daga baya.

"Tun kafin doka yake yawo da ita. Me ya sani da mu ba mu sani ba?"

"Dama ni na daɗe ina mamakinsa, mutum kullum yana gumi cikin sanyi!"

Wanda ya faɗi wannan, Kubra ta san muryarsa. Sau da yawa ya ci tuwonta a zaure.

Gwaggo Indo ta riƙe hannunta tana kutsawa da ita. Da maza suka ga mata biyu sai suka ɗan dare, don mamaki. Wani ya ce, "Ga matarsa nan." Maganar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa, har ta kai kunnen Uba. Ya juyo ya dube ta, ya dubi hular.

"Madalla. Ranka ya daɗe, ka ce babu komai a ciki ko? To a sa wa matarsa. Ta zauna a nan cikin rana kamar yadda tawa ta zauna. In ta tashi lafiya, ni da kaina zan durƙusa in ba shi haƙuri."

"A sa mata! A sa mata!"

Mai unguwa ya juyo wajenta. Kubra ta ga a fuskarsa cewa ya ga mafita, kuma ba shi da wata. "'Yata," ya ce, "kin ji. Abu ne na minti kaɗan."

Ta san abin da zai faru in ta sa. Ba ta damu da faɗuwar ba, ta damu da wanda ke motsi a ƙarƙashin haƙarƙarinta. Kuma in ta faɗi, me za su ce? Ga shi nan, har matarsa hular ta ci. In ta ƙi kuwa, ta tabbatar musu ta san sirrin. Ko ta wace hanya galan ɗin nan da ke hannun wani mai jar riga zai buɗe.

Ta nemi Kawu Datti da ido. Yana can gefen inuwar darbejiya, cikin farar riga da carbi, tare da manyan unguwa. Ya san kwalbar, shi ya cika ta da hannunsa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Da idonsu ya haɗu sai ya sunkuyar da kai yana duba agogonsa.

Ta dubi Sammani. Da ido ɗayan da ya rage masa ya gane abin da ke ranta, ya girgiza kai a hankali. Sai a lokacin ta fahimci dalilin da duk dukan da ya sha bai ambaci kwalbar ba. Ba zai kira sunan mutumin da ya ciyar da shi a gaban jama'a ba, ko da za a ƙone shi.

"Ranka ya daɗe," ta ce. Muryar ba ta wuce mayafinta ba.

"Me ta ce?"

"Ruwa nake so a roba."

"Ta ce a ba ta ruwa a roba!" Gwaggo Indo ta ɗaga murya. "Ko shi ma tsafi ne? Ku da kuke maza ɗari kun kasa taɓa hula, ga mai ciki za ta taɓa muku. A kawo ruwa!"

Aka fito da ruwa daga gidan Mai unguwa a wata koriyar robar wanki. Kubra ta shiga cikin sararin ita kaɗai. Ta durƙusa da ƙyar, ta zura hannunta cikin baƙar ledar, ta birkito hular. Warin ya doke ta har idonta ya kawo ruwa, ta kawar da fuska ta riƙe numfashi. Soson ya yi baƙi, a jiƙe yake sharkaf ta wajen ƙeya. Ta kama gefensa ta ja. Ya ɓare da wata 'yar ƙara kamar an yage tsohon zani. Ta tsoma shi a ruwan, ta matse, ta sake matsewa.

Ruwan ya juye fari fat, kamar an dama madara.

Na gaba suka fara yin shiru, shirun ya yi baya har ya kai ga masu tsaye a kan babura. Babu namiji ɗaya a wajen da bai san wannan farin ba. Kowace asuba suna ganinsa a cikin tankin feshi, lokacin da murfi ɗaya na magani ya sauka a ruwan kanal. Iska ta ɗauki warin ta raba musu.

"Gama-aiki ne," wani tsoho ya ce, kamar yana magana da kansa. "Wallahi shi ne. Na Datti."

"A cikinta ya ɗauki kwalbar da safe," in ji Kubra, idonta a ƙasa. Yanzu ana jin ta, don babu mai motsi. "Tana yoyo. Kuma da ita yake feshi tun da aka kawo ni. Ku dubi hannunsa, ku dubi idonsa. Shi ma cinsa take, a hankali ne kawai." Ta ɗago kai ta dubi Uba. "Don Allah a je a gaya wa likita abin da ya taɓa Baraka. Kada su yi ta neman abin da ba shi ba."

Uba ya matso ya tsaya a kan robar. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya juya wajen darbejiya.

"Alhaji Datti, mene ne sunansa? Sunan da likita zai gane."

Kawu Datti ya gyara tsayuwa. "Ni magani na sayar na gona. Ban ce kowa ya zuba a kan mutum ba."

"Sunansa na tambaye ka."

"Jarkar haka take zuwa. Babu takarda."

Uba ya juya masa baya. Ya fizge ledar daga hannun Kubra, ya naɗe soson a ciki, ya haye bayan wani ɗan acaɓa suka yi hanyar Kura. Mai jar riga ya ajiye galan ɗin a ƙasa, ya matsa gefe kamar ba nasa ba.

Kubra ta ɗauka an gama. Gwaggo Indo ta zaunar da ita a dakalin zaure tana zuba mata ruwa a hannu, tana cuɗa mata da toka. Daga nan ta ji manya sun shiga ciki, sun tsallake ƙafafun Sammani, sun rage murya.

"Ranka ya daɗe, a duba lamarin nan da kyau." Muryar Kawu Datti ce, a natse. "Gobe mota takwas za su zo daga kudu. Akwai baƙi a waje. In magana ta fita cewa tumatirin Unguwar Sallau ana yi masa feshi daren tsinka da abin da ke kayar da mutum, wa zai ɗora kwandonmu a motarsa? Ba gonata kaɗai ba ce. Duk wanda ke tsaye a wajen nan da shi yake feshi. Wahalar wata huɗu ce za ta ruɓe a bakin kanal."

Wani ya yi gyaran murya.

"Gaskiya in ba a fesa ba, kafin ya kai Legas ya zama ruwa."

"To me za a ce wa mutane?" in ji Mai unguwa.

Kawu Datti ya ce, "A ce tsohuwar hula ce, datti da zafin rana suka bugi yarinya. A ƙone ta a gaban kowa, zukata su huce. Likita shi aikinsa daban."

Mai unguwa ya fito ya faɗi hakan, kusan kalma da kalma. Ya ƙara da cewa duk wanda ya sake ɗaga maganar, da shi yake yi. Aka zubar da farin ruwan a gindin katanga aka tura ƙasa a kai. Fetur ɗin da aka kawo don Sammani aka tsiyaya wa hular.

Ta kama da wuri. Gilashin ya lanƙwashe, jan ya yi ƙuraje ya narke, baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Mutanen unguwa suka ja baya suna toshe hanci, don sun san abin da ke cikin hayaƙin. Amma Kubra baƙin nan take kallo, waɗanda ke can baya a kan baburansu, waɗanda ba su ga ruwan ba. Sun ga an kama mutum, sun ga an ƙone hularsa a ƙofar Mai unguwa. Kowa ya san irin kayan da ake ƙonewa a bainar jama'a. Ɗaya bayan ɗaya suka tada baburansu, wasu suka yi Bunkure, wasu Garun Malam.

* * *

Baraka ta dawo gida bayan kwana huɗu, ta rame, tana tafiya ana riƙe da ita. Motocin kudu sun zo sun yi lodi sun tafi, an ce ma tumatirin bana ya yi daraja.

Da kumburin fuskarsa ya sauka, Sammani ya wanke babur ya koma tasha. Kwana uku yana fita. Ranar farko ya dawo da azahar ya ce kansa ke ciwo. Rana ta biyu Gwaggo Indo ta ga abin da idonta, ta zo ta faɗa wa Kubra ta kan katanga: mata na zuwa, su hango shi, su ja mayafi su wuce wajen na bayansa. Wata har ta tofa addu'a a ƙirjinta. Rana ta uku shugaban tasha ya ja shi gefe ya ce ya ɗan huta tukuna, don fasinja sun fara gudun tashar gaba ɗaya. Waɗanda suka ga farin ruwan suna zaune a kan baburansu, babu wanda ya ɗaga kai.

Ya shigo da babur ɗin ya jingine shi a ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓe da buhu.

Bayan la'asar ɗin ranar Kawu Datti ya yi sallama a zaure. Bai shigo ba, bai kuma amsa gaisuwar da Kubra ta aika masa daga bayan ƙofa ba. Ta tsaya a nan tana ji. Ya ce shi ba mai riƙo ba ne, abin da mace ta yi ba a biye mata. Ya ce tsutsa ta sauka a gonakin yamma, masu feshinsa biyu sun koma garinsu, yana neman wanda zai riƙe aikin safe da yamma har ƙarshen rani. Ya ce ɗan'uwa ya fi bare.

"Na gode, Kawu," ta ji Sammani ya ce. "Allah ya ƙara girma."

Da ya shigo ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, safe da yamma? Da can na asuba kawai kake yi, dubi yadda ya mayar da kai."

"To me za mu ci? Babur ɗin?"

"Mu tafi Dawakin Kudu wajen yayana. Can ba a san ka ba."

"Labari ya riga mu isa." Ya zauna a kan turmi, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi don su daina rawa. "Na san ba don ke ba da yanzu an yi bakwai ɗina. Na sani, Kubra. Amma kin tsayar da Kawu a gaban mutane kamar ɓarawo."

Ta koma bakin murhu ta ci gaba da tura kara a wuta, ko da yake tukunyar ta riga ta tafasa.

Washegari bayan an sauko daga sallar asuba ta ji shi yana ɗaura tankin feshi a baya. Ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki. Gari ya fara haske. Ya duba nan, ya duba can, hannunsa ya kai kan babur ya dawo. Sai ya je wajen igiyar shanya, ya zare ɗan ƙaramin ɗankwalin Aziza mai zanen furanni, wanda bai gama bushewa ba. Ya ninka shi biyu ya ɗora a hanci. Bai kai ya zagaye ƙeyarsa ba. Ya ja, ya sake ja, yatsunsa na kuɓucewa, har ya samu ya ƙulla baki da baki.

Kubra ta ɗaga kofin kokon da ke hannunta. Bai gani ba, ko ya gani. Ya sunkuya don kada tankin ya bugi saman ƙofa, ya fita.